Murfin Tankin Tsohon Babur: A Gyara Na Asali, A Nemo Na Kwance, Ko A Sayi Sabo?

Tsofaffin babura irin su Honda Benly, Roadmaster, CG125 na farko-farko da aka soma ƙerawa a 1975, Yamaha YB100 da Suzuki A100 ba su da na'urar da ke tura mai zuwa inji. Tanki na sama, kafireto na ƙasa, nauyin fetur ɗin ne kaɗai ke gangaro da shi. Shi ya sa murfin tanki yake da aiki biyu masu karo da juna: ya hana fetur fitowa, kuma ya bar iska ta shiga ta cike gurbin man da inji ya sha. Idan ya gaza a na farko, fetur ya riƙa tsiyaya yana cin fenti. Idan ya gaza a na biyu, babur ya mutu a tsakiyar titi, a yi ta canza fulogi da wanke kafireto a banza.

Wanda murfinsa ya soma ba da matsala yana da hanyoyi huɗu a gabansa: ya gyara wanda babur ya zo da shi, ya nemo irinsa na kwance, wato wanda aka ciro daga mataccen babur, ya sayi sabon kwaikwayo a shago, ko ya sauya bakin tankin gaba ɗaya ya ɗora wani samfurin. Kafin a taɓa aljihu, ga abubuwan da ya kamata a auna kowannensu da su.

Ma'aunan da za a duba

Na farko shi ne numfashi, kuma shi aka fi mantawa da shi. A jikin murfin akwai ɗan rami da bai wuce milimita 1 ba, wani lokaci a sama, wani lokaci a ɓoye a ƙarƙashin gefe, yana bi ta wata karkatacciyar hanya tsakanin farantan ciki don kada fetur ya fantsamo. Duk wanda ya ga mai shayi yana huda gwangwanin madara waje biyu ya san dalili: huda ɗaya ba ta zuba sosai sai iska ta sami ta inda za ta shiga. A babur abin ya fi tsanani, domin tazarar da ke tsakanin saman fetur da kafireto ba ta wuce santimita 20 zuwa 30 ba, ƙarfin turawar kuwa kusan kashi 2 ne kacal cikin 100 na nauyin iskar waje. A lissafi, idan tanki na cike kuma iskar da ta rage a sama rabin lita ce, fitar mililita 10 kacal ta isa ta tsayar da gangarowar mai in ramin ya toshe ruf. Idan kuwa akwai lita 5 ta iska a ciki, sai an sha kusan mililita 100, wato tafiyar kilomita 3 ko 4. Wannan ne ya sa matsalar ta fi tashi daidai lokacin da aka baro gidan mai, har a ɗora wa man laifi alhali ba ruwansa.

Gwajin numfashi ba ya buƙatar bakanike. A rufe makunnin mai, a zare tiyo daga kafireto a saka bakinsa cikin kwalba, a bar murfin a rufe, sannan a buɗe makunnin. A bar lita guda ta zuba. Idan zubar ta fara da ƙarfi, ta yi ta raguwa har ta koma ɗiga, amma da buɗe murfi ta dawo da ƙarfinta, to ramin ya toshe. Idan ko an buɗe murfin ba ta sauya ba, laifin na matacin da ke cikin makunnin mai ne, a ƙyale murfi. A yi wannan a fili, inji a sanyaye, nesa da murhu da taba.

Na biyu shi ne rufewa. Robar da ke ƙarƙashin murfi ce ke zama a kan leɓen bakin tanki, sifirin na danna ta. A cika tanki, a goge kewayen murfin ya bushe, a girgiza babur gaba da baya da birki a riƙe. Ɗan warin fetur ba komai ba ne tunda ramin numfashi a buɗe yake, amma jiƙewa ko zobe mai duhu a kan fenti alama ce ta yoyo.

Na uku, dacewa da bakin tanki. Yawancin waɗannan babura murfinsu na kunnuwa biyu ne da ke shiga tsaga su hau gangare idan an murɗa, ko kuma mai harshe biyu da mabuɗi ke janyewa. Abu uku ake aunawa da milimita: faɗin bakin daga ciki, nisan ƙarshen kunne zuwa ƙarshen ɗayan, da zurfi daga roba zuwa kunnuwan. Na ukun ne ke yaudarar mutane, domin murfi zai shiga, ya murɗu, amma bai danna robar ba.

Sauran su ne ƙarko, makulli, farashi, sauƙin aiki da haɗari. Waɗannan sun fi fitowa fili idan an ɗauki kowace hanya ita kaɗai.

Hanya ta farko: gyara na asali

Murfin da kamfani ya ƙera wa tankin ba shi da matsalar dacewa, kuma hanyar numfashinsa an tsara ta daidai da shan man injin. Abin da ke mutuwa a jikinsa yawanci roba ce, ita kuwa aba ce mai arha. Idan ƙarfen bai huje ba kuma kunnuwan ba su karye ba, a ganina kuskure ne a jefar da shi.

Ana farawa da ɓalle tsohuwar robar da bakin sukuddireba. Wadda ta shekara 40 za a same ta ta bushe ƙamas, ta tsattsage, ko ta kwanta ta yi shafal da alamar leɓen tanki a jikinta. Idan farantin ciki da sukuru aka ɗaure shi, a kwance a kan farin ƙyalle, domin akwai ƙananan sifirin da kan yi tsalle su ɓace, kuma a ɗauki hoto da waya kafin a raba komai. Idan kuwa a matse aka naɗe gefensa, kada a ɓanɓare shi. Ba ya komawa yadda yake. Sai a jiƙa shi cikin kananzir ya kwana, a busa iska ta ramin, a zura silin waya guda daga tsohuwar wayar kuloci ko ta birki. Kada a yi amfani da ƙusa ko allura mai kauri, suna faɗaɗa ramin. Tsatsa mai yawa tana sakin jiki idan an jiƙa murfin ƙarfe cikin binega na wasu awowi, amma dole a ɗauraye, a busar a rana sosai, a shafa ɗan mai, in ba haka ba kafin gobe ta dawo.

Abin da ke toshe ramin a ƙasashenmu ya fi yawa daga ƙurar hunturu, sai ɓarɓashin tsatsa, sai fentin da mai fenti ya fesa bai rufe ramin ba, sai man goge kurom da ya bushe a ciki. A tsohuwar Vespa da ake haɗa wa baƙin mai a cikin fetur, fetur na tashi ya bar maiƙon a bakin ramin, ƙura ta manne ta zama laka. Irin wannan yana son a duba shi duk ƙarshen hunturu.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen zaɓen sabuwar roba. Al'adar gareji ita ce a yanko zobe daga tsohon tif ɗin taya. Ranar farko yana rufewa lafiya. Amma robar tif ba a yi ta don fetur ba: tana kumbura, ta yi laushi, ta narke tana danƙo, gutsattsarinta su gangara cikin tanki su toshe makunnin mai da jet, wato ɗan ramin da fetur ke bi a cikin kafireto. Wani lokaci kumburin ne ma ke rufe hanyar numfashi. Robar da ke jure fetur ita ce nitril, wadda ake rubuta wa NBR, sai Viton wadda ta fi ta jure zafi da fetur mai haɗin ethanol, amma ta fi tsada da wuyar samu. Masu sayar da kayan injin ban-ruwa da na manyan motoci kan ajiye nitril a falle ko a zobe. Kauri milimita 2 zuwa 3 ya wadatar ga yawancin murafu, amma a auna gefen tsohuwar inda ba ta danne ba.

Tunda roba baƙa duk kama ɗaya take a ido, a gwada kafin a yanka. A gutsuri ɗan yanki a jefa cikin kwalbar fetur a rufe kwana 2 ko 3, a fito da shi a jera da wanda ba a jiƙa ba. Idan ya ƙara girma a bayyane ko yana manne wa yatsa, ba ita ba ce. Wannan ya ƙara muhimmanci yanzu da fetur ya sauya: a Amurka an daɗe ana sayar da mai kashi 10 na ethanol, Birtaniya ta mayar da shi man yau da kullum a Satumban 2021, kuma a farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan methanol Najeriya. Ethanol da methanol, waɗanda nau'o'in barasa ne, duka suna cin tsohuwar roba, suna kuma jawo ruwa.

A duba leɓen bakin tankin shi ma. Idan tsatsa ta ci shi ya yi ƙuraje, sabuwar roba ba za ta zauna ba. A cusa tsumma a bakin don kada gari ya faɗa, a goge da samfefa mai laushi lamba 400. Idan murfin yana girgiɗi bayan an sa roba, a ɗan lanƙwasa kunnuwan sama da filaya, kaɗan-kaɗan, ana gwadawa.

Makulli kuwa, idan mabuɗi ya ƙi juyawa, a danna murfin ƙasa da tafin hannu yayin murɗawa, domin sau da yawa sifirin ne ya matse harsunan. Kada a tilasta. Cikin makullin tutiya ce, mabuɗin kuma ya sha shekaru, karyewa zai yi a ciki. A wanke da kananzir, a kankare bakin fensir a busa garin a ramin mabuɗi. Giris yana tara ƙura ya daskare.

Kuɗin wannan hanya shi ne mafi ƙanƙanta, abin da take ci shi ne lokaci: awa ɗaya ko biyu na aiki, da kwanakin gwajin roba. Ba ta da amfani idan tsatsa ta huda farantin ciki, ko gidan makullin ya farfashe.

Hanya ta biyu: na kwance

Murfin asali da aka ciro daga mataccen babur. Ana samunsu a wajen 'yan gwangwan da masu tsofaffin kayan gyara, irin su Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, da kuma wajen dattawan makanikai da ba sa zubar da komai. Ƙarfe ne mai kauri, kurom ɗinsa na gaske, kuma idan samfurin ɗaya ne da naka zai zauna daram.

Sai dai mai saye ya sani cewa shekarun wannan murfin ɗaya ne da na wanda ya lalace masa. Robarsa ta mutu ita ma, ramin numfashinsa wataƙila ya fi naka toshewa tunda ya daɗe a ƙasa. Wato duk aikin da aka lissafa a hanya ta farko yana nan yana jira, an dai ƙara kuɗin saye a kai. Abin da ake saye a nan lafiyayyen ƙarfe ne kawai, don haka shi za a duba: a juya shi a ga farantin ciki, a danna sifirin da yatsa a ji yana dawowa da ƙarfi, a duba gindin kunnuwan ko akwai tsaga. A goge ramin a busa da baki. Iska ta wuce da ɗan ƙyar, ba a sake ba kuma ba a toshe ba.

A tafi kasuwa da tsohon murfin, in da hali da tankin ma. Sunan babur kaɗai ba ya wadatarwa, domin kamfani kan sauya bakin tanki tsakanin shekara da shekara a samfuri guda. Kama a ido ma ba hujja ba ce. A wasu Harley-Davidson masu tanki biyu, murfin dama ne ke numfashi, na hagu a rufe yake ruf, alhali daga sama ba ka bambance su.

Matsalar mabuɗi ta fi yawa a nan. Murfi mai makulli da ba a haɗo da mabuɗinsa ba rabin kaya ne. A yawancin tsofaffin Honda ana buga lambar mabuɗi a jikinsa ko a fuskar makullin, kuma gwanin yankan mabuɗi zai iya sake jera 'yan farantan cikin makullin su dace da mabuɗin babur ɗinka. Wasu kan cire farantan gaba ɗaya don sauƙi, amma daga nan kowane mabuɗi, har bakin cokali, zai buɗe tankin. Masu Vespa da Honda Cub sun huta da wannan, tunda tankinsu na ƙarƙashin kujera kuma murfin galibi ba shi da makulli.

Akwai kuma sabon na asali da ya kwana a sito tun zamaninsa, a ledar kamfani. Shi ne mafi kyau a ido kuma mafi tsada, yawanci sai an yi odarsa ta intanet daga waje. Ko shi a taɓa robar a ji, domin roba na tsufa ko ba a yi aiki da ita ba.

Hanya ta uku: sabon kwaikwayo

Shi ne mafi sauƙin samu. Saboda an kwaikwayi CG125 sosai a baburan da ake shigowa da su daga Chaina, murafu masu kama da nasa sun cika shaguna, daga Nkwo Nnewi har ƙaramar kasuwar ƙauye. Sau da yawa a saiti suke zuwa: murfi, makunnin babur, makullin wuya da mabuɗi biyu. Minti biyar an ɗora, babur ya fito yana ƙyalli.

Ingancinsu ne ba shi da tabbas. A kwali guda za a sami mai kyau da marar kyau. Matsalolin da suka fi maimaituwa su ne kurom mai sirara da ke yin ƙuraje bayan damina ɗaya ko biyu, sifirin mai rauni da ba ya danna roba, robar da ke kumbura, da ramin numfashi da ko dai ba a huda shi ya zarce ba, ko an huda shi kai tsaye babu karkatacciyar hanya a ciki. Na ƙarshen nan yana da haɗari: ana taka birki da cikakken tanki fetur ya fantso kan cinyar mai tuƙi, kuma ruwan sama ya sami ƙofa. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a ƙasan tanki, ba za a san da shi ba sai ranar da aka murɗa makunnin mai zuwa rizab, wato ragowar man da ke ƙasan tanki, inji ya soma tari, ko ranar da tsatsa ta huda gindin tankin.

Duk da haka ba abin rainawa ba ne idan an zaɓa da ido. A ɗaga biyu ko uku a ji nauyi, a ɗauki mai nauyin. A busa ramin tun a shago. A gida a yi gwaje-gwajen nan biyu na numfashi da na girgizawa tun kafin a jefar da kwalinsa. Dabara mai kyau ita ce a cire robar da ya zo da ita tun ranar farko a sa nitril da aka gwada. Idan ramin bai zarce ba, ana iya ƙarasa shi da bakin huda na milimita 1, bayan an cire murfin daga tanki an wanke shi ya bushe, kuma a huda farantin ciki a gefe, ba daidai saitin ramin waje ba.

A guji murfin mota ko na sabon babur mai tiyon numfashi a jikin tanki, ko da ya shiga. Irin waɗannan an yi su ne su rufe, domin tankinsu ta wata hanyar yake shan iska.

Hanya ta huɗu: sauya bakin tanki

A yanke tsohon bakin a yi waldar wani, ko na babur na zamani ko irin murfin alminiyon mai ɓallewa da ake kira Monza, wanda masu baburan Ingila irin su Triumph, BSA da Norton ke so, mai faɗin inci 2 ko 2.5. Wannan ba gyaran murfi ba ne, aikin tanki ne, kuma ba a shiga shi sai leɓen bakin ya ruɓe ko ya lotse ta yadda babu robar da za ta zauna a kai.

Ita ce mafi tsada, tunda bayan walda sai an sake fenti, kuma tana rage darajar babur a wajen mai neman na asali. Ita ce kuma mafi haɗari nesa ba kusa ba. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari a gaban wuta, domin tururin fetur da ya gauraya da iska shi ke fashewa. Sai an wanke shi da ruwan zafi da omo sau da yawa, an bar shi a buɗe, kuma a ba wanda ya saba waldar tanki, ba kowane mai walda ba.

Leda da aka ɗaure da roba ko tsumma da aka cusa ba sa cikin lissafi. Leda na hana numfashi, tsumma na shan fetur ya zama lagwani.

| Ma'auni | Gyara na asali | Na kwance | Sabon kwaikwayo | Sauya baki |
|---|---|---|---|---|
| Farashi | mafi arha | matsakaici. Na sito mai tsada | arha | mafi tsada |
| Dacewa | babu shakka | sai an gwada | sai an auna | sai yadda aka yi waldar |
| Numfashi | daidai, bayan wanki | daidai, bayan wanki | ba tabbas | ya danganta da murfin |
| Ƙarko | shekaru, in robar nitril ce | shekaru, bayan gyara | gajere zuwa matsakaici | mai daɗewa |
| Sauƙi | awa 1 zuwa 2 | yawon nema da gyara | minti 5 | kwanaki |
| Mabuɗi | naka na da | sai an daidaita | sabo | sabo ko babu |
| Haɗari | kaɗan | kaɗan | yoyo da shigar ruwa | fashewa wajen walda |

Wanne ya dace da wa

Wanda baburinsa ke mutuwa bayan 'yan kilomitoci, ya buɗe murfi ya ji tsotson iska sannan ya tashi, wanki kawai murfinsa ke so. Kada ya sayi komai. Wanda fetur ke jiƙa masa saman tanki amma ƙarfen murfin lafiya lau, roba ce, ya nemi nitril ya gwada ta a kwalba. Ko bayan gyara ya daina cika tanki har leɓe: lita 10 ta fetur na ƙaruwa da kusan mililita 150 idan zafinta ya hau da digiri 15, abin da ke faruwa cikin sauƙi ga babur da aka ajiye a ranar bazara, kuma ta ramin numfashi rarar za ta fito.

Mai adana babur don tarihinsa, ko mai niyyar sayar wa masu son tsofaffin kaya, na kwance ko na sito ne nasa, kuma ya ajiye tsohon ko ya lalace, domin sifirin da makullinsa za su yi amfani. Wanda babur ɗin ne abin neman abincinsa, murfin ya ɓata ko ya karye yau kuma gobe da aiki, ya sayi kwaikwayo mai nauyi, ya sauya masa roba, ya ci gaba da cigiyar na asali a hankali. Mai kwana da babur a waje ko ajiye shi a bakin kasuwa ya fifita mai makulli na gaske, ko da zai riƙe mabuɗi biyu. Sauya baki kuwa na wanda leɓen tankinsa ya riga ya ruɓe ne, shi ma ya fara tambayar kuɗin lafiyayyen tanki na kwance, domin sau da yawa bai kai kuɗin walda da fenti ba.